Wayar Mamaci Tana Kunne

Shafi na 23

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu tashina da saƙo tun asuba wai na bar Nazeefa zaune da lalle a hannu, to ga ta nan na kawo muku. Wadda ke girki ta rage wuta kafin ta fara karantawa, kar a zo ana cewa ni na ƙona miya.

*

Gidan Kawu Maitama da ke Kubwa ya cika maƙil da mata tun hantsi. Maza duk sun wuce masallacin Juma'a can cikin gari, inda za a ɗaura auren Nazeefa da Lukmanu da zarar liman ya sallame. Amarya kuwa tana ƙuryar ɗaki, daga ita sai Glory, ƙawarta ta ofis, wadda ta ɗora laptop a cinya tana haɗa hotunan da za a haska a bango wajen walimar gobe.

Jiya hotunan nan sun ba su wahala ba kaɗan ba. Na cikin waya sun ƙi zuwa laptop, na laptop sun ƙi zuwa tablet ɗin Fiddausi, 'yar Nazeefa. Sai da Glory ta tona ta gano ashe rumbun intanet ɗin da ake ce wa cloud ne ya cika, tun makon rasuwar Manniru, mijin Nazeefa na fari, shekara biyu ke nan. Bidiyon ta'aziyya da hotunan da mutane suka yi ta turowa ne suka toshe shi, daga nan komai ya tsaya cak. Ta sayo ƙarin wuri, ta ce a bar shi ya kwana yana aiki.

"Nazee, zo ka gani," in ji Glory da Hausarta ta Abuja, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Ya yi aiki fa. Amma ya yi aiki har ya wuce gona da iri."

Nazeefa tana gaban madubi tana gyara ɗauri. Ba ta waiwayo ba.

"Wuce gona da iri kamar yaya?"

"Devices nawa ne da kai a wannan account?"

"Uku mana. Wayata, laptop, sai tablet ɗin Fiddausi."

"Huɗu nake gani."

"Ki ƙirga da kyau dai."

"Haba Nazee, one two three four ne zan kasa? Ga wayanka, ga laptop, ga tablet. Wannan na huɗu an rubuta wayar Manniru."

Hannun Nazeefa ya tsaya a kan ɗankwali. Ta sauke numfashi.

"Allah ya jiƙansa. Shi ya haɗa mana komai a account ɗaya tun muna amare, wai don hoton da ya ɗauka ni ma in gani. Tsohon suna ne kawai ya rage. Wayar ai ta ƙone tare da motar."

Glory ta ƙura wa laptop ido. Kuma duk wanda ya san Glory ya san in ta rage murya ba alheri ba ne.

"Waya da ya ƙone ba ya rubuta active now," ta ce a hankali. "Tana kunne. Yanzu-yanzu. Tun jiya da na ƙara space take turo hotuna. Sun yi yawa fa, Nazee."

Nan take Nazeefa ta samo wa kanta amsa, irin wadda mutum ke samowa in ba ya son ya ji tsoro.

"Ɓarawo ne. Wani ne ya tsinci wayar a wurin hatsarin. Mutane ba sa tsoron Allah, ana ta gawa su suna ta aljihu."

"Ni ma haka na ce. Bari in cire shi, mu canza password."

"Tsaya. Buɗe in ga fuskar maras imanin."

Ta zo ta zauna a bakin gado. Glory ta buɗe.

Hoton farko rufin kwano ne mai tsatsa. Na biyu akuya ɗaure a jikin bishiyar mangwaro. Na uku bakin titi, mata na sayar da doya, tirela na wucewa.

"Ka gani, ɗan ƙauye ne," in ji Glory. Ta taɓa ƙasan hoton. "Location ya ce Uke. Hanyan Keffi."

"Wuce."

Hoto na gaba kwanon tuwo ne da miyar kuka, an ɗauko shi daga sama. Cokali yana gefen hagu.

Nazeefa ta ƙura wa cokalin ido. Mutum ɗaya ta sani a duniya da ba ya iya cin abinci sai ya ɗauki hotonsa, ko da gaya ne babu miya. Har faɗa sun sha yi a kan haka, tana cewa abinci zai huce. Kuma bahago ne.

"Wuce," ta sake cewa.

Wani kwanon. Cokali a hagu. Wani kwanon kuma, cokali a hagu.

"Nazee, ya isa haka. Mu bar shi sai after biki."

"Na ce ki wuce!"

Glory ta danna.

Ya rame. Ya tara gemu, har da furfura tsilli-tsilli. Hular kansa ta koɗe. Amma tabon nan na saman girar dama, wanda ya samu tun yana yaro, yana nan inda ta san shi. Yana kallon kyamara da ɗan murmushin nan nasa na gefen baki.

"Jesus!" Glory ta ture laptop ɗin kan katifa kamar ya ƙona ta. "Jesus Christ! Oga Manniru!"

Nazeefa ba ta yi ihu ba. Ihun ma ya ƙi zuwa. Bakinta ne kawai ke motsi, innalillahi wa inna ilaihi raji'un, tana maimaitawa ba sauti. Ta janyo laptop ɗin da kanta.

"Tsohon hoto ne," ta ce. "Glory, ki ce min tsohon hoto ne."

Glory ta leƙa kwanan watan. Ta dafe ƙirji.

"Last month."

Wallahi jama'a, da a ce ƙasa za ta tsage a lokacin, Nazeefa shiga za ta yi ba ta waiwayo ba. Matar da ta yi takaba cur, ta ajiye kwalli da turare, ta yi kuka har idonta ya ƙanƙance. Matar da ta riƙe hannun 'yarta ta koya mata cewa Abba ya tafi wajen Allah. Yau ga Abban zaune a kan benci yana murmushi.

Yatsanta ya ci gaba da dannawa, ita kanta ba ta san tana yi ba. Manniru a gona. Manniru a shagon cajin waya. Sai wani hoto da ya sa ta miƙe tsaye zumbur.

Manniru ne a kan tabarma. A gefensa wata dattijuwa ce sanye da farin hijabi mai bakin leshi, tana zuba masa fura a kofi.

Hijabin nan Nazeefa ce ta saya wa surukarta da hannunta a kasuwar Wuse, da ƙaramar sallar da ta wuce.

Ta buɗe ƙofa ta leƙa falo. Mata na ta hira da shewa, ƙamshin turaren wuta ya gauraye da na soyayyen nama. Can gefe ga Hajjo, mahaifiyar Manniru, ta ɗora Fiddausi a cinya tana ɓare mata lemo. Tsohuwar da kowa ke yabo, wai surukar da ta zo bikin matar ɗanta kamar ita ta haife ta.

"Hajiya," in ji Nazeefa. "Don Allah minti ɗaya."

Hajjo ta sauke yarinyar, ta taso tana ɗingisa ƙafa tana murmushi.

"Amarya da kanta? Me aka rasa?"

Nazeefa ta bari ta shigo, ta mai da ƙofa ta murza makulli. Ta juyo da fuskar laptop ɗin kawai.

Murmushin ya bushe a fuskar Hajjo. Lemon da ke hannunta ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado. Ta lalubi bango, ta sulale ta zauna a ƙasa daɓas.

Ba ta tambayi wane ne ba. Wannan shi ya ƙarasa kashe Nazeefa.

"Hajiya, ki ce min aljani ne."

Hajjo ta kau da kai.

"Ki ce min mai kama da shi ne. Wallahi zan yarda."

"Nazeefa…"

"Wa muka binne?"

"Ki rage murya, 'yata, gida cike yake da…"

"Wa muka binne, Hajiya? Wa na yi wa takaba?"

Hawaye ya ɓalle wa tsohuwar.

"Mika'ilu ne. Yaron da ke tuƙa shi wani lokaci. Ranar shi kaɗai ne a motar, Manniru ya sauka a Gwagwalada ya aike shi gaba. Birkin motar taɓa shi aka yi. Akwai takardun da ya ƙi sa wa hannu a wurin aiki, an daɗe ana yi masa barazana bai faɗa miki ba. Da ya ji an ce shi ne ya ƙone, sai ya ga in ya fito za a sake, kuma wannan karon wataƙila ke da Fiddausi kuna ciki. Sai ya karya layinsa ya ɓace."

"Ke yaushe kika sani?"

"Bayan kin fita takaba. Ya kira ni da wata lamba. Na suma a kan sallaya, wallahi na suma."

"Kika farfaɗo kika yi shiru."

"Ya sa na dafa Alƙur'ani."

Nazeefa ta yi wata dariya mara daɗin ji. Sai yanzu abubuwa ke dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Tafiyar da Hajjo ke yi duk ƙarshen wata wai ganin mai maganin ƙafa a Keffi. Yadda take cewa a turo mata hoton Fiddausi kullum. Yadda ita kaɗai ta yi ta jan ƙafa da Lukmanu ya fito, a ɗan ƙara jira, a ɗan ƙara jira, mutane na cewa Allah sarki, zuciyar uwa ce.

"Ni nake ba ki kuɗin motar Keffi," ta ce. "Ni nake soya miki naman da kike cewa na mai magani ne."

Hajjo ta sunkuyar da kai.

"Mama, wannan abu bai yi kyau ba fa," in ji Glory, idonta jawur. "At all."

Sai a lokacin wani tunani ya daki Nazeefa, wanda ya fi na farko nauyi. Ta dubi lallen hannunta. Ta dubi agogon bango. Ɗaya ta wuce da nisa.

Ta durƙusa a gaban tsohuwar.

"Hajiya, dube ni. Tambaya ɗaya ce. Ya sake ni?"

"Na roƙe shi. Tun kafin a sa rana na je na ce, Manniru, tunda ba za ka fito ba, ka sauwaƙe mata, iddarta ta cika ba tare da ta sani ba, ta yi aurenta da tsarki."

"Ya sake ni?"

"Ya ce zai yi. Na koma, ya ce zai yi. Shekaranjiya ma sai da na je…"

"Hajiya!"

"Ya buɗe baki, sai kuka. Bai furta ba. Bai taɓa furtawa ba."

Shewar mata ta taso daga falo.

"Ke nan ni matar aure ce," in ji Nazeefa, kamar mai magana cikin barci. "Da igiyata uku cif. Kuma yanzu haka maza sun taru za su ɗaura min aure a kan aure. Kina zaune a falo kina ɓare lemo."

"Na kwana ina roƙon Allah ya kawo mafita…"

"Ba ni lambarsa."

"Ba ni da ita, ya ƙi ba ni sabon layinsa. Shi ke kirana, kullum da wayar mutane."

Nazeefa ta fizgi wayarta. Ta kira Kawu Maitama, waliyyinta. A kashe. Ta sake kira. A kashe. Dama Kawu tun daga bakin ƙofar masallaci yake kashe waya, har faɗa yake wa masu barin tasu. Ta kira Lukmanu, ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake, ta katse. Bawan Allah, yana can cikin babbar riga, wayar na aljihu ya rufe mata baki, bai san abin da ake shirin jefa shi ciki ba. Ta tura masa saƙo, ta tura wa duk namijin da ta tuna. Ko ɗaya ba a buɗe ba.

"Ɗauko makullin motarki, Glory."

"Daga Kubwa? Ranar Friday? An tare hanya ko'ina, Nazee. Kafin mu kai gate na estate ma an gama."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Muryar Anti Larai ce, matar Kawu.

"Amarya, lafiya kuka kulle ƙofa? Ku fito a yi hoto kafin maza su dawo!"

"Muna zuwa, Anti!" in ji Glory da ƙarfi, don ta ga bakin Nazeefa ya kasa.

A daidai lokacin laptop ɗin ya yi ɗan ƙara. Wani sabon hoto ya faɗo a saman jerin, da farko dishi-dishi, sannan ya washe.

Cikin masallaci ne. An idar da salla, mutane sun taso sun yi da'ira a gaba. Ga liman da rawaninsa. Ga ƙeyar Kawu Maitama. Ga Lukmanu ya sunkuyar da kai, da hular nan ruwan toka da Nazeefa ta zaɓa masa. Wanda ya ɗauki hoton yana bayansu kaɗan, sahu biyu ko uku.

Glory ta duba lokacin hoton. Ta ɗago a hankali.

"Yanzu ne. Nazee, yana wurin."

"La'ilaha illallahu," in ji Hajjo, ta ɗora hannu biyu a ka. "Ya je. Yaron nan ya je."

"Zai yi magana," in ji Nazeefa, numfashinta na sama-sama. "Ai shi ya sa ya je. Ko ba haka ba, Hajiya? Zai tashi ya ce ga shi."

Hajjo ta rufe fuska da tafin hannu.

"Wanda zai yi magana ba ya tsayawa ɗaukan hoto," in ji Glory. Sai kuma ta zabura, ta damƙi hannun Nazeefa. "Wait! Shi bai san sync ya dawo ba. Kuma abin nan two-way ne. Nasa yana zuwa wurinka, naka yana zuwa wurinsa. Duk abin da ka snapping yanzu zai shiga gallery nasa. Shi kaɗai ne a masallacin nan da waya a hannu!"

Nazeefa ba ta jira ƙarshen bayanin ba. Ta wawuri katin gayyatar bikinta daga kan madubi, ta juya bayansa. Babu biro. Ta ɗauki jagira, ta rubuta da manyan baƙaƙe:

NA GAN KA, MANNIRU. HAR YANZU NI MATARKA CE. TASHI KA YI MAGANA.

Ta riƙe katin a ƙirjinta da hannayen lalle, hawaye ya wanke kwalliyar da aka ɓata safiya ana yi.

"Ɗauka."

Glory ta ɗauka da wayar Nazeefa. 'Yar da'irar nan mai nuna ana turawa ta fara juyawa a kusurwar hoton.

Tana juyawa.

Tana juyawa.

"Me ya faru? Me ya sa bai tafi ba?"

"Wi-Fi ne! Duk matan gidan nan suna kai, kowa yana posting status!" Glory ta kashe shi, ta kunna data, ta shiga saiti ta ba shi izinin turawa da data, ta haye kan gado da takalminta ta ɗaga wayar saitin taga. "Go now. Abeg, go."

Hajjo na ƙasa tana jan carbin da babu shi a hannunta. Nazeefa ta kafe laptop da ido, ko ƙiftawa ba ta yi.

Sai ga shi ya faɗo. Fuskarta, katin, rubutun jagira, daidai gefen hoton masallacin. Tablet ɗin Fiddausi da ke kan filo shi ma ya yi haske, ya nuno shi.

"Ya shiga!" Glory ta diro daga gado. "In ya shiga nan, ya shiga wurinsa. In dai yana kallon waya, zai gani."

Suka yi cirko-cirko su uku.

Nazeefa ta ji tana addu'ar da ba ta san me take roƙo a cikinta ba. A zuciyarta ta ga Manniru ya miƙe a tsakiyar jama'a. Ta ga Kawu ya waiwayo. Ta ga fuskar Lukmanu, mutumin da bai taɓa ɓata mata ba, sai zuciyarta ta karye. Duk da haka ta ci gaba da cewa, tashi, Manniru, don girman Allah tashi.

Fuskar laptop ɗin ta ɗan motsa.

Hotonta ya ɓace.

Hoton masallacin ya matso ya cike gurbin, kamar ba a taɓa ajiye komai a wurin ba. Ta juya ga tablet, babu. Ta fizge wayarta daga hannun Glory, babu.

"Ina ya tafi? Glory, network ne ko? Sake turawa!"

Glory ba ta motsa ba.

"Ba network ba ne. In an goge a waya ɗaya, yana gogewa a duka." Ta nuna laptop ɗin. "Ni ban taɓa ba. Kai ma ba ka taɓa ba."

"Ke nan…"

"Ya gani, Nazee."

Glory ta koma shafin jerin na'urorin da suka fara dubawa ɗazu. Wayar Nazeefa. Laptop. Tablet ɗin Fiddausi.

Uku. Ta huɗun ta ɓace.

Can falo wayar wata ta yi ƙara. Aka yi ɗan shiru. Sai guɗa ta tsaga gidan, ta biyu ta karɓa, ta uku ta ɗora. Ƙafafu suka nufo ɗakin da gudu, aka hau dukan ƙofa da tafin hannu, muryar Anti Larai ta fi ta kowa tashi.

"Buɗe ƙofa, matar Lukmanu! An ɗaura!"